Yadda ake rage ma kaktus mai hure rassa da yadda ake dasa ɓallin a zahin Maraɗi

Salamu alaikum 'yan uwa masu ajiye fulawa a gida. Yau maganar kaktus ɗin nan ce mai zubo rassa ta bakin tukunya, wanda jikinshi duk gaɓoɓi ne masu faɗi ɗaya na bin ɗaya, bashi da ƙaya mai suka, in ɗari ya shigo kuma sai ya hiddo hure ja ko ruwan hoda ko fari a ƙarshen reshe. Wasu masu saida fulawa kaktus ɗin Nowel suke ce mishi, wasu na Kirsimeti, a littahi kuma Schlumbergera ne sunanshi. Ba kowane gida zaki ganshi ba nan garin, galibi tsaraba ce wani ya riƙo daga Yamai ko Kano, shi yasa duk wadda ta samu sai ta riƙa tsoron taɓa shi, ta barshi yayi ta tsawo yana jan ƙasa shekara da shekaru, hure kuma bai wuce uku ko huɗu ba. To rage mishi rassa shine maganin wannan, kuma abinda kika ɓalle ɗin shine irin da zaki dasa ki ƙara tukwane. Aikin kanshi ba wuya, yaro ma zai iya. Abinda ke kashe ma mutane shi a Maraɗi lokaci ne, dan kalandar da zaki gani a intanet ta mutanen Turai ce da Amurka, su kuwa basu san Afrilu irin namu ba.

Kahin ki sa hannu ki hidda ma ranki cewa wanga ɗan hamada ne. Jin ance kaktus ne ke sa a kai shi tsakar gida a dasa cikin rairayi a bar ma rana, kan kice me ya koma ja ya yanƙwane. Asalinshi ƙasar Burazil ne, kudu maso gabas, cikin tsaunukan da ke kusa da teku wajen Riyo di Janero, kuma can ɗin ma ba a ƙasa yake hitowa ba, bisa rassan manyan itace yake maƙalewa ko a tsagar dutse inda ruɓaɓɓen ganye ya taru, cikin inuwa, iska da danshi, ruwan sama na dukanshi amma baya kwanciya a saiwarshi. A can watan Mayu yake hure saboda lokacin ne sanyinsu ke shigowa. Wani Bafaranshe masanin tsirrai Charles Lemaire ne ya raɗa ma danginshi suna a 1858, ya sa musu sunan Frédéric Schlumberger, wani mai tara kaktus a Faransa, daga nan Turawa sukayi ta haɗa iri suna hidda kaloli har ya watsu duniya. Abinda nake so ki riƙe cikin duk wannan shine inuwa mai haske yake so, da ƙasar da ruwa ke wucewa da sauri, da ɗan sanyi. Mu inuwa da ƙasa zamu iya haɗa mishi, sanyin ne sai da dabara.

Abinda kike gani kina cewa ganye ba ganye bane, kara ne mai faɗi, kowace gaɓa tsawonta santimita 4 zuwa 6 haka. Ki ɗaga reshe guda ki duba bakin gaɓar ƙarshe da kyau, zaki ga wani ɗan wuri mai ƙananan gashi, to nan sabuwar gaɓa ke hitowa, nan kuma hure ke hitowa. Kenan yawan hure yana bin yawan bakin rassa ne ba tsawonsu ba. Reshe mai gaɓa goma da ya miƙe shi kaɗai baki guda gareshi, hure ɗaya ko biyu zai baki, amma in kika ɓalle uku daga ƙarshe galibi gaɓa biyu ke tohowa a wurin, kinga baki ya zama biyu, baɗi ki sake ya zama huɗu, haka tukunya ke cika tayi duhu har ki daina ganin ƙasar ciki.

Yanzu lokaci, kuma nan nake so ki natsu. Ƙa'idar da kowa ke faɗi itace a rage bayan ya gama hure ya ɗan huta kamar wata guda. Wurinmu in yayi hure wajen Janairu yake yi zuwa Fabrairu, ki ƙara wata guda kinga kin faɗa Maris, zahi ya fara, Afrilu da Mayu rana na kai digiri 40 har ta wuce, iska a bushe ƙayau, ɓallin da bashi da saiwa kuwa ruwan jikinshi kaɗai yake sha, kahin yayi saiwa zahin ya tsotse shi. Uwar ma da kika ji ma ciwo ba tohuwa zatayi ba, ta kanta take yi. Dan haka ni lokaci biyu na sani, kuma ɗaya ya hi ɗaya nesa ba kusa ba. Na farko shine da zarar huren ƙarshe ya zuba, in har dare na da sauran sanyi, wannan ragi kaɗan ne, ki cire matattu da wanda ya karye da reshen da yayi tsawon da ke taɓa ƙasa, shikenan. Babban ragin ki barshi sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, lokacin da ruwa ya sauka biyu uku iska tayi laushi, a nan ne ɓalli ke kamawa ba wahala uwar kuma ta toho da ƙarhinta, sannan sabbin gaɓoɓin na da wata huɗu ko sama da haka su ƙosa kahin ɗari. In Agusta ta hita ki ɗauke hannunki kwata-kwata. Gaɓar da bata ƙosa ba bata ɗaukar hure, wadda ta rage a Oktoba ko Nuwamba huren bana ta ɓalle da hannunta, ba wani asiri.

Da sahe ake yi ko da la'asar sakaliya, ki wanke hannu da sabuni. Ba kya buƙatar wuƙa ko sizo. Ki riƙe gaɓar da zata zauna a jikin uwa da babban yatsa da manuni na hagu, ki riƙe ta gabanta da dama, daidai ƙugun nan siriri inda suka haɗu, sai ki murɗa a hankali kamar rabin zagaye, zakiji ta saki da ɗan ƙas. Kada ki ja, murɗawa ake yi, in kika ja sai fatar gaɓar ƙasa ta yage ta biyo. Ki duba gindin abinda ya hito a hannunki, zaki ga ɗan tsini fari-fari mai ɗan jiƙa, wani lokaci ma da wasu siraran saiwoyi da suka riga suka hito a mahaɗar tun yana sama, in kin samu irin wannan kin huta dan shine mai saurin kamawa. In reshen ya tsufa ya ƙi murɗuwa sai ki kawo sabuwar reza ki goge ta da alkol na farmasi ki yanka a mahaɗar dai, banda tsakiyar gaɓa, yankan tsakiya baki yake yi ya ruɓe. Kuma in akwai tukunyar da kike zargin bata da lahiya ki barta ƙarshe, ki sake goge rezar, hannu da ƙarhe su ke yawo da cuta daga wannan zuwa wancan.

Nawa za'a cire? Kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na duk jikin a shekara guda. Daga kowane dogon reshe gaɓa biyu ko uku sun isa. Ki riƙa juya tukunyar kina ja da baya kina kallo, dan in kika tsaya wuri guda sai kin aske gehe ɗaya baki sani ba. Gehen da ke kallon taga kullum ya hi cika, shi zaki hi ragewa. Duk gaɓar da tayi laushi ta zama ruwa-ruwa ko tayi baƙi ki bi ta har inda jiki yake da tauri ki cire, wannan ba'a jira mishi damina, ranar da kika gani ranar zaki cire, kuma ba'a dasa shi, shara ce. Tsohon da ya shekara da yawa gindinshi na komawa ruwan ƙasa yayi tauri kamar icce, wasu sai su zaci mutuwa yake, a'a girma ne, yana iya shekaru gommai a tukunya. Shi kada ki sare shi har gindin nan wai ya sabunta, ki bar ma kowane reshe koren gaɓa biyu ko uku, in yayi yawa ki raba aikin shekara biyu.

Uwar bayan ragi ki barta kwana biyu ko uku ba ruwa a jikinta, bakin ciwon ya bushe, kada ki bari ruwan sama ya doke ta a kwanakin. Daga nan ki ci gaba da bata ruwa yadda kika saba amma ki tuna jikin da ke shan ruwan ya ragu. Cikin 'yan makonni zaki ga wasu 'yan jajayen kunnuwa ƙanana sun leƙo a bakin da kika ɓalle, sune sabbin gaɓoɓin, ja suke hitowa sannan su koma kore.

Sai ɓallin. Wanda ya hi kyau mai gaɓa biyu ne zuwa huɗu, mai tauri, kore shar, in ya kasance mai reshe biyu ya hi ma dan tun farko zai cika tukunya. Gaɓa guda ma na kamawa amma tana jan lokaci kuma a zahinmu ita ke fara bushewa. Kada ki dasa nan take. Ki shimfiɗa su bisa faranti ko takarda a cikin ɗaki inda iska ke shiga rana bata kai, gindin ya bushe yayi ɗan fata. Lokacin ɗari da iskar ke bushe kwana guda ya isa, da damina ki basu biyu ko uku. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake dasa aguwa a shingen gona ta san wannan, a sare a barta ta sha iska sannan a kafa, to haka ne. Sai dai ki lura, aguwa da tinya da ƙerana ba kaktus bane, su farin ruwa suke zubarwa mai dahi da ke ƙona fata yana cutar ido, namu ruwanshi garai ne. In kika ɓalle abinda aka saida miki da sunan kaktus kika ga farin ruwa kamar nono na tsatsowa ki wanke hannu maza kada ki kai huska, kuma ki ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa.

Ƙasa itace rabin aikin. Lakar gulbi ko ta fadama kada ma ki fara, tana riƙe ruwa ta danƙare, in ta bushe kuma ta tsage ta tsinke saiwa. Lallausan rairayin tudu shima shi kaɗai baya yi, toshewa yake. Abinda nake haɗawa, kwano biyu na ruɓaɓɓen ganye wanda ya zama baƙar ƙasa, irin wanda ake kwasa ƙarƙashin gawo ko mangwaro, kwano guda na yashin gini mai tsakuwa a wanke shi ƙurar ta hita, kwano guda na gawayi da aka daddaka girman ƙwayar gyaɗa, in akwai fasasshiyar tukunya a farfasa a haɗa. Ɓawon gyaɗa da ya riga ya ruɓe yana kyau sosai kuma Allah ya hore mana shi, amma ɗanye gara yake kira. Toka banda ita, shi ƙasa mai ɗan tsami-tsami yake so toka kuwa kashe tsamin take, kuma kashin kaji ko na awaki ɗanye ƙona gindin yake. In kina tsoron ƙwari ko gara cikin ganyen ki zuba mishi tafasasshen ruwa ki shanya ya huce tukun. Gwajin mai sauƙi ne, ki jiƙa haɗin ki dunƙula a hannu ki buɗe, in ya wargaje yayi, in ya tsaya a dunƙule ƙara yashi da gawayi.

Tukunya ƙarama, faɗin tahin hannu ko ɗan sama, mai huda a ƙasa ba ɗaya ba. Ta ƙasa ta hi ta roba a wurinmu saboda tana numfashi tana sanyaya saiwa, ki sa maginar tukwane ta huda miki tun tana ɗanya, in kuma gwangwanin madara ko gindin bido zaki yanka ki huhhuda shi da ƙusa mai zahi, baƙar roba dai kada rana ta taɓa ta. Mutane na son babbar tukunya wai ya sake, shi kuwa saiwarshi 'yar kaɗan ce, ƙasar da ba saiwa cikinta jiƙe take zama har ta ruɓar da shi. Ko babba ma sai shekara biyu ko uku ake canza mishi tukunya, a matse ya hi yin hure.

Ki yayyafa ma ƙasar ruwa tayi danshi kawai, ki huda da tsinke, ki sa gindin ɓallin zurhin santimita 1 zuwa 2, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na gaɓar ƙasa, ki danna gehe da gehe ya tsaya. Ki tabbata gindin ne a ƙasa ba kai ba, abin dariya ne amma ana yi, in kin rikice ki duba haƙoran gehen gaɓar, sama suke kallo. Ki sa huɗu ko biyar a tukunya guda a zagaye, bayansu na kallon waje, wanda ke faɗuwa ki tokare shi da tsinken tsintsiya. Sai ki kai wurin haske marar rana, kamar baranda mai kallon arewa ko kusa da tagar gabas inda hantsi baya daɗewa. Nan gehe ɗaya ki lura, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ɗan ratsa mu, dan haka bangon da kika saba yana da inuwa da ɗari ba lalle ya zama da ita ba da damina, ki duba da idonki da tsakar rana.

Ruwa kuma nan ake kashe su da ƙauna. Ɓallin da bashi da saiwa baya shan ruwan ƙasa, danshin kawai ke kiran saiwar ta hito. Ki sa yatsa, in saman ya bushe har gaɓar yatsa ɗaya ki zuba kaɗan a gehen tukunya, in da sanyi-sanyi ki barshi. Da damina yana iya kwana biyar ko sati baki zuba ba, kuma ki ajiye shi ƙarƙashin ruhi, ruwan Agusta in ya kwana biyu yana dukan tukunyar sai dai ki tarar da gindin ya narke. Ruwan saman da kika tara shine ya hi, na pampo ki barshi ya kwana a bokiti, ruwan wanke-wanke mai omo ko na jabel kada ya kusance shi. Wadda ta dasa da ɗari tana iya kifa mishi farar leda mai huji ko rabin gorar ruwa saboda bushewar iska, ta riƙa buɗewa kullum ya sha iska, amma da damina ko zahi kada ki ruhe, dahuwa zaiyi.

Akwai masu sa shi a ruwa, yana yi kuma yana da daɗin kallo. Ƙaramar kwalba, gindin kawai ya taɓa ruwan, sauran jikin a sama, ki canza ruwan duk kwana biyu ko uku saboda wari da sauro, in saiwar ta kai santimita 2 ki maida ƙasa a hankali. Ni dai na hi son ƙasa kai tsaye, saiwar ruwa laushi gareta, wajen maidawa wasu ke tahiya.

Sati uku zuwa shida saiwa ke kamawa. Kada ki riƙa tumɓukewa kina dubawa. In kin ƙosa ki ɗan ja da yatsu biyu, in kinji ya riƙe ƙasa to ya kama, babbar shaida kuma jan kunnen nan ne a sama. In ya ɗan yanƙwane a satin farko ba komai, ruwan jikinshi yake ci. In gindin yayi baƙi yana wari ki cire, ki ɓalle gaɓar da ta ruɓe, ki sake shanya sauran ki dasa a sabuwar ƙasa, sau da yawa yana tashi. Wanda ya kama da damina wani na yin hure ɗaya ko biyu a ɗarin farko, akasari dai sai na biyu.

Babba ma yana magana da jikinshi in kin iya karantawa. Ya koma ja ko shuɗi-shuɗi, galibi rana tayi mishi yawa. Yayi laushi ya yanƙwane, ko ƙishi ne ko saiwa ta ruɓe, kuma alamar iri ɗaya ce shi yasa ake ƙara ma mai ruɓa ruwa a ƙarasa shi. Yatsa zai raba miki gardama, in ƙasar a bushe take ƙishi ne, in a jiƙe take kuma yana laushi to ki zare shi daga tukunya ki duba, saiwa mai rai fara ce, matatta ruwan ƙasa ce tana saɓulewa. In duk ta tahi kada ki tsaya jinya, ɓalle masu taurin ki dasa sabo.

Bazara itace jarabawar. Daga Maris zuwa saukar ruwa ba girma kike nema ba, ya rayu kawai. Ki sauko da shi ƙasa a wurin da ya hi sanyi a gidan, kusa da randa in akwai, nesa da bangon siminti da rana ke duka, nesa da ƙasan kwanon ruhi. Dabarar da ta hi taimako itace tukunya cikin tukunya, ki sa tashi cikin wata babba ta ƙasa ki cika tsakaninsu da yashi ki riƙa jiƙa yashin sahe da yamma, ruwan na tashi yana ɗauke zahi, saiwar na cikin sanyi ba tare da ta jiƙe ba, ki dai ɗora ta ciki bisa 'yan tsakuwa hujinta ya samu hanya. Irin dabarar nan ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dan ajiye tumatir da kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta hi aiki. Ki hesa mishi ruwa da asuba ko bayan magariba, banda tsakar rana. Mai na'urar sanyaya ɗaki kada ta sa shi a bakin iskar, kuma in kuran ya ɗauke ɗakin ruhe ya zama tanda ki buɗe taga. Ba ragi ba taki ba canjin tukunya a watannin nan.

Taki da damina ne kawai, sau ɗaya a wata. In NPK 15-15-15 gareki ƙaramin cokalin shayi guda ki narka a bokiti mai lita 10, ki zuba bayan ƙasar ta riga ta jiƙa, sauran ki ba sauran fulawa. Kada ki barbaɗa ƙwayoyin a gindi, kuma takin ure ki bar ma gona. Sabon dashe sai ya toho ake bashi. Daga Satumba a tsaya. Ƙwarin da suka hi damunshi wasu farare ne masu kama da ɗigon auduga da ke ɓuya a mahaɗar gaɓa, ki naɗa auduga a tsinke ki tsoma a alkol ki goge su ɗaya-ɗaya, ki sake dubawa bayan sati. Sai babban ƙwaro mai ƙafa huɗu, jar akuyarmu ta Maraɗi, ita ba ruwanta da Burazil, minti biyu ta gama miki ragin shekara uku, dan haka ki ɗaga shi sama ko ki kange.

To ga wadda tayi ragi ya cika amma hure shiru. Shi dogon dare ke sa shi ɗaukar hure, duhu na awa 13 zuwa 14 a jere kullum har sati shida, da sanyin dare. Mu ko a Disamba darenmu bai wuce awa 12 da rabi da 'yan mintoci ba, ga ƙwan sola a tsakar gida ga hasken tele, shi kuwa ko haske kaɗan aka kunna mishi tsakar dare lissahin ya lalace. Dan haka daga tsakiyar Nuwamba, lokacin da dare ya fara sanyi, ki kifa mishi babban kwali da ƙarhe shida na yamma ki buɗe bakwai ko takwas na sahe, a waje cikin baranda inda sanyin ke kaiwa, ba cikin ɗakin kwana ba. Daren Disamba da Janairu na sauka wajen digiri 15 har ƙasa da haka, daidai abinda yake so kenan. Ki rage ruwa kaɗan a lokacin amma kada ya ƙahe. Da kin ga 'yan ƙullutai kamar ƙwayar shinkafa a bakin gaɓoɓin ki daina ruhewa, kuma ki daina matsar da tukunyar, canjin wuri da ƙishi da iskar hunturu mai duka kai tsaye su ke kakkaɓe su tun basu buɗe ba. Ƙurar da ke kwanciya a jikinshi ki goge da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi duk sati, kina tallabe reshen da ɗaya hannun.

Wadda zahin gidanta ke yawan kashe mata saiwa tana iya gwada aure, yadda ake yi ma mangwaro. Ana ɗora shi bisa karan wani kaktus mai kusurwa uku da ke bada 'ya'yan itacen da ake ci waɗanda ake ce ma daragon, shi saiwarshi ta hi jure zahi da ruwa. A yanke kan karan, a tsaga shi kamar santimita 2, a here gindin ɓalli mai gaɓa biyu ta huska biyu ya zama siriri, a cusa cikin tsagar, a soke su tare da ƙayar aduwa mai tsabta ko a matse da abin maƙale shanya, a ajiye a inuwa kada ruwa ya taɓa wurin har sati biyu. Shima farkon damina ake yi, kuma duk tohon da karan ƙasa ya hiddo ki riƙa cirewa tun yana ƙarami, in ba haka ba shi zai shanye abincin ya bar na saman.